Ina son sayen injin UV a Kumasi, ku ba ni shawara kafin in tura kuɗi

Rabi (Aboabo):
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shawara nake nema, kuma ina roƙon wanda ya taɓa abin da hannunsa ya yi magana, don kuɗin da zan zuba ba kaɗan ba ne a wurina. Shekara huɗu ke nan ina sana'ar kayan rabo na biki: kofuna, filas, mariƙin makulli, madubin jaka, da allon akirilik mai sunan ango da amarya. Ba ni da injin buga hoto da rubutu a jikin kaya, irin wanda ake kira UV. Ina karɓar aiki a Aboabo da Asawase, in tsara a kwamfuta, ƙananan in kai Asafo, manyan in ɗora a mota zuwa Accra New Town in zauna jira. Watan jiya filas 150 suka iso mini ranar Lahadi da magariba, an riga an tashi daga walima. Uwar amarya ba ta ce mini komai ba, amma kallon da ta yi mini har yau yana raina. Yanzu na kwashi adashi, yayana da ke Italiya ya ce zai cika mini. Wani kamfani a Guangzhou ta ƙasar Chaina ya turo mini farashi ta WhatsApp: ƙarami mai faɗin takardar A3, kai biyu (abin da ke fesa tawada) samfurin XP600, dala 3,200, sai babba da suke kira 6090, kai uku, dala 6,800. Wanne zan ɗauka? Kuma mene ne ba su gaya mini ba?

Alhaji Sani (Asafo):
Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya sa albarka a nema. Ina da 6090 tun 2021, don haka bari in fara da tambayar da ni ba wanda ya yi mini: kwana nawa a mako kike da aikin da za ki ɗora a kan inji? Ban ce wata nawa a shekara ba, kwana nawa a mako.

Ga dalili. Tawadar wannan inji ba iska ke busar da ita ba. Akwai fitila a gefen kan, tana bin sa, tawada na sauka hasken na daskarar da ita nan take. Shi ya sa yake bugawa a kan gilashi, katako, tayil, ƙarfe, fata, roba. Amma kan da ke fesa tawadar ƙofofinsa sun fi gashi siranta, kuma farar tawada ba kamar sauran ba ce. Akwai wani farin gari mai nauyi a cikinta, yana kwantawa kamar yadda ƙullu ke kwantawa a ƙasan bokiti. In inji ya yi kwanaki a zaune, garin ya taru a tiyo da cikin kai, shi ke nan. A shekarata ta farko na rufe shago na tafi Tamale babbar Sallah, kwana tara. Na dawo na kunna, fari ya ƙi fita ko ɗigo. Na yi wanki har tawada rabin kwalba ta tafi a banza, ƙarshe sabon kai na saya. Tun daga ranar, ko ranar Idi sai yarona ya zo ya kunna, ya buga gwajin layuka, ya goge, sannan ya tafi gida. Dabba ce kika ɗaure a gida, dole a ba ta abinci kullum, ko ta kawo kuɗi ko ba ta kawo ba.

Hajiya Zulai (Nima):
Rabi, ki saurare ni da kyau, ni na ƙone. Na biya rabin kuɗin A3 a farkon 2022 lokacin dala tana wajen sidi shida. Kafin in cika sauran in biya kuɗin tasha, sidi ya zube, zuwa Nuwamba dala ta haura sidi goma sha uku. Lissafina duk ya rushe tun inji bai iso ba. Da ya iso, wanda ya sayar mini ya koya mini ta bidiyo mako biyu, daga nan amsa ta fara jinkiri. Kuma tsakaninmu da Chaina awa takwas ne, lokacin da nake tsakiyar aiki da azahar su sun rufe ofis. Tawada na saya da yawa don in rage kuɗin jirgi, ban san tana da wa'adi ba, wajen shekara ɗaya ne, rabi ta lalace a kan kanta. Wata goma sha huɗu na sayar da shi ƙasa da rabin abin da na kashe. Ni dai shawarata ki ci gaba da kai aiki wurin masu inji. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Kabiru (Sabon Zongo):
Hajiya, Allah ya mayar da alheri, amma kada mu tsorata ta. Mutane nawa ne ke cin abinci da wannan inji a garin nan? Anti Rabi, ni abin da zan ce shi ne ba ki ma buƙatar mai tebur irin waɗannan biyun, da ake ɗora kaya a kai a buga. Ki nemi UV DTF. Shi a kan leda yake bugawa, ya haɗa ta da leda ta biyu, ki yanka, ki manna a jikin kaya, ki murza da yatsa, ki ɓare ta sama, rubutun ya zauna da ƙyalli. Filas, kofi, kwalbar turare, hular kwano, duk abin da ke da lanƙwasa. Kuma kina iya sayar da sitikar kanta da mita ga masu turare da masu man kaɗanya, ba sai sun kawo miki kaya ba. Ni da shi nake aiki shekara biyu.

Alhaji Sani (Asafo):
Kabiru, gaskiya ka faɗa a kan lanƙwasa, amma ka faɗi sauran. Tawada ɗaya ce, kai ɗaya ne, ciwon fari ɗaya ne. Ka ƙara mata kuɗin leda biyu a kan kowane aiki. Kuma sitika sitika ce, wanda ya sa farce da niyya zai ɗaga ta. Allon karramawa na makaranta ko alamar ƙofar ofis ba a yin su da manne.

Kabiru (Sabon Zongo):
Alhaji, ban musa ba. Amma ita ai filas 150 ta ambata. A kan mai tebur sai ta sa abin juya kwalba, ta yi su ɗaya bayan ɗaya, kowanne a saita shi. Yaushe za ta gama? Ni a yini ɗaya yara biyu sun manne 150.

Bashir mai gyara (Oforikrom):
Salamu alaikum. Ni gyaran waɗannan injuna nake yi, na hannun Alhaji ma ni ke duba shi. Anti Rabi, kalma ɗaya a cikin saƙonki ta tsayar da ni: madubi. Kada ki taɓa ɗora madubi ko ƙarfe mai sheƙi a ƙarƙashin kai ba tare da kin san abin da kike yi ba. Hasken fitilar zai daki madubin ya koma sama, ya daskarar da tawada a bakin kan. Wannan ba toshewar da wanki ke buɗewa ba ce, kai ya mutu ke nan. Mai sayarwa ba zai gaya miki ba, shi a bidiyo komai yake bugawa.

Game da kan: XP600 na Epson ne, shi ne mafi araha, shi ya sa ƙananan injunan Chaina suka cika da shi. Amma asalinsa ba don tawadar UV aka yi shi ba, ki ɗauke shi kamar tayar mota, abu ne da za ki riƙa canzawa. Akwai i3200-U1, shi ma na Epson, wanda don UV aka ƙera shi, ya fi sauri ya fi daɗewa, kuɗinsa ya ninka na XP600 sau da yawa. Sama da su akwai Ricoh Gen5 da Gen6 na manyan injuna. In kuma kuɗi ba matsala ba ne, akwai Mimaki da Roland na Japan, amma wannan wani aji ne daban, ba kuɗin adashi ba. Abin da nake gaya wa kowa: ki tambayi farashin kai kafin ki tambayi farashin inji, kuma ki tambaya ko ana samunsa a Accra ranar da kike so.

Sauran abubuwan da ke kashe kai, ga su kamar yadda nake gani a shaguna. Tsakanin kai da kaya milimita biyu zuwa uku ne kawai. In katako ya ɗan bankare ko murfin waya ya ɗaga gefe, kai ya goge shi a guje, an yi asara. In kuma kika ɗaga shi da yawa don tsoro, rubutu ya yi hazo, tawada ta watsu. Sai ƙura. Lokacin hunturu nake samun kira fiye da kowane lokaci: ƙura ta hau siririyar ledar nan da ke gaya wa kai inda yake, hoto ya fara rabewa biyu, iska ta bushe, akirilik ya riƙa jan tawada gefe kamar yadda leda ke manne wa hannu. Ɗaki rufaffe ake so, da esi, zafi kada ya wuce wajen digiri 28. Dampa, wato ɗan akwatin da ke tace tawada kafin ta shiga kai, da robar da kai ke kwanciya a kanta da abin goge shi, waɗannan ƙananan kaya ne masu araha, ki sa a zubo miki su da yawa a cikin akwatin tun farko.

Rabi (Aboabo):
Innalillahi. Yaya Bashir, madubi na cikin abin da ya fi tafiya a wurina. Na gode da ka faɗa. Maganar ɗaki kuma, ni niyyata in sa shi a falona, gidan haya ne, don in huta da kuɗin shago a farko. Ba zai yiwu ba?

Amina (Tafo):
Yaya Rabi, don Allah kada ki yi. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma na yi aikin hutu a shagon buga kaya. Tawadar nan kafin haske ya daskarar da ita tana da wari mai ƙarfi, tana sa ciwon kai, kuma in ta riƙa taɓa fata tana jawo ƙaiƙayi da kumburi. Wasu da jikinsu ya fara ƙin ta, ko kaɗan ta taɓa su sai ya tashi. Safar hannu ta nitiril ake sawa, ba a kallon fitilar kai tsaye, kuma dole a sami fanka mai fitar da iska waje. Ke kina da yara ƙanana, ga kwalbar ruwan wanki, ga tankin tawadar da aka zubar. Falo da ake cin abinci ana kwana ba wurinsa ba ne. Kuma a kofi, kada a buga inda leɓe ke taɓawa ko cikin faranti, a bar shi a jikin waje.

Bashir mai gyara (Oforikrom):
Ta gama magana. In ƙara da wuta. Injunan Chaina wuta mai ƙarfin volt 220 suke sha, sun dace da tamu, wannan ba damuwa. Damuwar ita ce hawa da saukarta. In wuta ta ɗauke kai yana tsakiyar tebur, bai koma mazauninsa ya rufe ba, yana nan a buɗe yana shan iska da haske. Kuma kayan da ke kai sun lalace, don da wuya ki ci gaba daga inda ya tsaya. Sitabilaiza dole, UPS mai ɗan ƙarfi, wato batirin da ke riƙe inji in wuta ta ɗauke, shi ma dole, ko da na minti goma ne ya ba ki damar mayar da kai. Sannan a kafa miki ƙarfen at na gaske, wanda ake binnewa don ya zubar da wutar da ta kauce a ƙasa. Gidajenmu na zango da yawa wayarsu biyu ce kawai, ba ta uku. Na ga allon inji ya ƙone saboda wannan, mai shi yana ta zargin kamfani.

Malam Yakubu (Tema):
Hajiya Rabi, ni fitar da kaya nake yi a tasha, bari in taɓa ɓangarena. Dala 3,200 ko 6,800 ɗin nan, ki tambaye su a rubuce: har ina ya kai? Yawanci kuɗin inji ne a ƙofar masana'anta ko a bakin jirgi a can. Daga nan akwai kuɗin jirgin ruwa, kuma da girman akwati ake lissafi, abin da muke kira CBM. 6090 a cikin akwatin katako ba ƙaramin abu ba ne, ki nemi tsawo da faɗi da nauyinsa, ki auna ƙofar shagonki tun yanzu. Na taɓa ganin an fasa bango a Madina don a shigar da inji. In ya iso Tema akwai kwastan, komai ta ICUMS, manhajar kwastan, ake shigarwa, ga VAT da harajin lafiya na NHIL da na ilimi na GETFund da sauran ƙananan caji, ga kuɗin tasha, ga motar da za ta kai shi Kumasi, tafiyar fiye da kilomita 250, ga masu saukewa. Masu haɗa kaya a kwantena ɗaya suna ba da farashi har ƙofa, wannan ya fi sauƙi ga mai farawa, amma ki tabbata an rubuta cewa kwastan na ciki. Ki ba hanya wata biyu. Tawada ruwa ce, jirgin sama ba ya ɗaukarta haka nan sai da takardar bayanin sinadari, wasu ma ba sa karɓa sam. Kuma ki kula da sabuwar shekarar Chaina, ƙarshen Janairu ko cikin Fabrairu, masana'antu na rufewa makonni. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Hajiya Zulai (Nima):
Kun ji ko? Abin da nake faɗa ke nan. Shago, esi, UPS, kwastan, ba a buga ko mariƙin makulli ɗaya ba.

Alhaji Sani (Asafo):
Hajiya, ina girmama abin da ya same ki, amma ni ban ce kada ta saya ba. Wannan injin ya aurar mini da 'ya'ya biyu. Tawadar da ke hawa murfin waya ɗaya ba ta kai komai ba in aka gwada da abin da ake biya. Riba tana nan. Inda mutane ke faɗuwa shi ne suna lissafa tawadar da ta hau kaya, su manta da wadda ke tafiya a wanki kowace safiya, da kayan da suka lalace a gwaji, da kai, da haya, da wutar esi, da albashin yaro. Waɗannan suna ci ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Shi ya sa na koma kan tambayata. Rabi, ba ki amsa mini ba.

Rabi (Aboabo):
Baba Alhaji, na je na ɗauko littafina na bara, na zauna da shi daren jiya. Gaskiya aikina a dunƙule yake zuwa. Wata biyu kafin azumi ba na samun barci, kowa na son a ɗaura kafin Ramadan. Cikin azumi shiru, sai ɗan abin Sallah. Bayan babbar Sallah ya sake tashi, da dawowar alhazai, sai Maulidi, sai Disamba. Na ƙirga makonnin da ba ni da aikin bugawa ko ɗaya, sun kai goma sha tara. Ban taɓa lura ba sai yanzu, don da ba ni da abin da ke cin kuɗi in na zauna.

Alhaji Sani (Asafo):
Madalla, yanzu muka fara magana. Mako goma sha tara ɗin nan su za ki nemo wa aiki kafin ki tura ko sisi. Kuma ba a zango kaɗai za ki same shi ba. Mu a Kumasi muke. Asantawa ba sa wasa da jana'iza, kusan kowace Asabar akwai, kuma suna rabon kaya mai hoton mamaci kamar yadda muke yi a biki, su azuminmu bai tsayar da su ba. Coci-coci na yin taron shekara. Makarantu na ba da allon yabo ranar rabon kyaututtuka. Masu waya a Adum suna son murfi mai hoto. Otal da asibitoci masu zaman kansu suna son lambar ƙofa. Rabin cinikina daga waɗannan ne. Twi ɗinki ya isa ciniki? In ya isa, ki ɗauki samfur ki shiga Adum da Kejetia da Bantama ki ji da kunnenki.

Malam Idi (Asawase):
Assalamu alaikum. Ni ba ɗan sana'ar ba ne, malamin makaranta ne, amma ina da abu biyu. Na farko, Hajiya Rabi, na ji daɗi da kuɗin adashi ne da na ɗan'uwa. In bai isa ba, ki yi haƙuri ki ƙara tarawa ko ki nemi abokin tarayya a raba riba da asara, kada matsi ya kai ki ga bashi mai ruwa. Na biyu ya fi damuna. Bara aka kawo mana allunan sauka guda arba'in, an buga aya a kai, haruffan duk sun rabu da juna, kuma daga hagu suka fara. Yaron da ya tsara bai iya karatun Larabci ba, manhajarsa ta wargaza rubutun bai sani ba. Kuɗi sun tafi, kuma muka rasa yadda za mu yi da allunan, don akirilik ba takarda ba ce da za a ƙona cikin sauƙi, ba a kuma jefa aya a bola. Duk mai wannan inji a cikinmu, in aiki na da aya ko sunan Allah, a nuna wa mai karatu kafin a danna. Kuma a yi tunani kafin a sa aya a abin da zai shiga aljihun baya ko banɗaki.

Kabiru (Sabon Zongo):
Malam, wannan gaskiya ne, ya taɓa faruwa da ni a kan sunan amarya da Larabci. Maganinsa a rubuta a manhajar da ta san Larabci, a mayar da rubutun zane kafin a kai shi wurin bugawa, sannan a tura wa mai aiki hoto ya amince a rubuce. Haka ma ƙ da ɗ da ɓ namu, wasu salon rubutun ba su da su, sai ka ga akwati a wurin harafi.

Rabi (Aboabo):
Allah ya saka, Malam. To yanzu in na ce zan saya, in yi odar kai tsaye ko in saya wurin dillalai a Accra? Na tambayi ɗaya, nasa ya fi na Guangzhou tsada sosai.

Malam Yakubu (Tema):
Ki haɗa duk abin da na lissafa miki a kan farashin Guangzhou, sannan ki sake gwadawa. Za ki ga ratar ta ragu. Ban ce ta ɓace ba.

Bashir mai gyara (Oforikrom):
Ni a inji na farko dillalin gida nake ba da shawara, in dai na kirki ne. Abin da kike saya a wurinsa ba ƙarfe ba ne, mutum ne da zai zo ya kafa, ya saita launi, ya koya miki manhajar RIP mai aika hoto zuwa inji, ya ɗaga waya ranar da fari ya ƙi fita. Amma ki gwada shi. Ki ce ya ba ki lambar mutum uku da suka sayi irin injin fiye da shekara ɗaya, ki je shagonsu da ƙafarki. Ki ce ya nuna miki kai da dampa da tawada a kan kantarsa, ba a hoto ba. Ki tambaya garantin ya haɗa da kai, don kusan kullum ba ya haɗawa. Kuma ki tafi da kayanki, filas ɗinki, akirilik ɗinki, tayil, a buga a gabanki. In an gama ki manna salatif ki fizge, ki karce da farce, ki jiƙa a ruwa kwana ɗaya. Gilashi da ƙarfe sai an shafa firaima kafin tawada ta kama, in bai gaya miki haka ba, ki san da wa kike magana. Ki kuma tambaya tawadarsa mai tauri ce ko mai laushi: mai tauri ta gilashi da katako ce, in kika sa ta a fata ko roba mai lanƙwasa za ta tsage.

Kabiru (Sabon Zongo):
Ni kai tsaye na yi oda kuma ban yi nadama ba. Amma gaskiya na yi shekara uku ina yi wa wani aiki a kan irinsa kafin nan, na san cikinsa.

Hajiya Zulai (Nima):
To ka ga bambancin ke nan, Kabiru. Ni ranar da aka buɗe akwati ita ce ranar da na fara ganinsa ido da ido. Rabi, in har zuciyarki ta tsaya a kai, aƙalla kada ki zuba duka. Ki ware kuɗin kai ɗaya da hayar wata shida ki ajiye inda hannunki ba zai kai ba. Kuma kuɗin yayanki ki bar shi a kuɗin waje har ranar biya. Sidi ya yi ƙarfi a 2025, na sani, amma ni na ga 2022.

Alhaji Sani (Asafo):
A kan girma kuwa, tunda shi kika fara tambaya: A3 zai yi miki mariƙin makulli da murfin waya da ƙananan alluna, amma ranar da aka kawo miki alamar shago ko hoton bango, sai ki sake komawa hannun wasu. 6090 santimita 60 ne a 90, kina jera kaya da yawa a bugu ɗaya, a nan ne lokaci ke zama kuɗi. Ni da zan sake farawa shi zan sake ɗauka. Sai dai kai uku na nufin baki uku da za ki ciyar. Kada ki yanke yanzu. Ki zo shagona ki yi mako biyu, ki zo da ƙarfe bakwai ki ga wankin safe, ki riƙe sirinji da hannunki, ki lalata kaya biyu uku a kan kuɗina. Ayyukanki na wannan lokacin ki kawo nan in yi miki farashin 'yan sana'a, kin huta da motar Accra. In kin ga za ki iya zama da shi, Bashir ya raka ki wurin dillalin.

Rabi (Aboabo):
Baba Alhaji, ban san da wane baki zan gode ba. Allah ya ƙara arziki, ya raya zuri'a. Na gaya wa mutumin Guangzhou ya dakata, ya turo saƙo har uku cewa rangwamen zai ƙare ranar Juma'a, ban amsa ba. Na kira yayana, ya ce kuɗin na nan ba inda za su. Litinin in sha Allah ina Asafo da bakwai. Yaya Kabiru, ina son in zo naka ma ko kwana biyu ne, in ga na ledar, don har yanzu filas ɗin nan ne a raina. Ina da odar guda 80 na ƙarshen wata, rabi zan kawo maka, rabi in kai wa Baba Alhaji, in ba uwar amarya ta wanke duka biyun mu gani.

Kabiru (Sabon Zongo):
Ki zo Anti, ƙofa a buɗe take. Ki taho da filas ɗin a goge, kada a taɓa jikinsu da hannu mai mai.

Bashir mai gyara (Oforikrom):
Kuma ki taho da madubi ɗaya ranar Litinin. Akwai yadda ake yi, ko a rufe fuskar a buga a bayansa, ko a bi ta hanyar Kabiru a manna. Zan shigo wajen goma in nuna miki.